Yadda Na Mai Da Inna Mutuniyar Wukari

Da sunan Allah, wanda ya san abin da aka rubuta da abin da aka ɓoye. 'Ya'yana da jikokina, na daɗe ina kewaye wannan babi, ina rubuta na gabansa da na bayansa ina tsallake shi. Abin da ya tilasta mini zama a kansa shi ne jikata Sadiya, 'yar wajen Aminu, wadda ta ɗauki hutunta na aiki ta tafi Wukari, ta yi kwana takwas tana bin unguwa-unguwa tana cigiyar zuriyar wani Malam Audu mai gishiri, saboda ta karanta a kundin gidanmu cewa shi ne ya haifi mahaifiyata. Ta dawo a gajiye ta ce mini babu wanda ya taɓa jin sunansa. Ba za a ji ba, domin ba a taɓa haihuwarsa ba. Ni na ƙirƙire shi da hannuna, kuma ga yadda aka yi.

A Inugu aka haife ni, a unguwar Kol Kam ta masu haƙar kwal, jikin kasuwar Ogbete. Kakana Malam Tanko mahauci ne daga ƙasar Gaya, ya biyo shanu da ƙafa har kudu, ya ga gari ya karɓe shi, ya zauna. Babana Malam Ɗanladi a nan aka haife shi, a nan ya gaji wuƙa, kuma a bakin kwata ya fara ganin Inna tana sayar da barkono. Inna Ibo ce, daga wani ƙauye bayan Udi. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Mgbafor, da ta musulunta ta zama Hajara. Mu shida ta haifa, biyu muka rayu, yayana Garba da ni Binta. A tsakar gida Binta take kirana, amma in mun shiga ɗaki mu biyu sai ta ce Ada, wato babbar 'ya, mu juya harshe zuwa Ibo. Hausarta ta nuna sarai, har karin magana take jefawa, sai dai akwai haruffan da harshenta ya ƙi karɓa har ta mutu. Ba ta iya cewa ƙasa, sai kasa. Ba ta iya cewa ƙarfe, sai karfe. Muna yara muna yi mata dariya, ita ma tana taya mu.

A ƙarƙashin gadon Baba akwai akwatin ƙarfe, cikinsa kuma akwai gafaka mai ɗauke da kundin da kakana ya fara rubutawa da ajami. Ba ɗinkakke ba ne, warƙoƙi ne a jere tsakanin fata biyu. Duk wanda aka haifa, duk wanda ya yi aure, duk wanda ya rasu, da sunan uwarsa da garin da ta fito, yana ciki. Da Baba ya gaje shi bai bar haihuwa ko rasuwa ta kwana uku ba a shigar da ita ba. To, a shekarar da aurena na fari ya mutu na dawo gida, yanar ido ta fara rufe masa gani, har ya zama yana gane mutum da murya kawai. Ni na yi allo, na kuma yi 'yan shekaru a makarantar boko, don haka sai ya miƙa mini mabuɗin akwatin. Garba ba ruwansa da takarda, shi dai a ba shi sa ya feɗe.

Na tarar da akwatin a cakuɗe. Wasiƙun dangi na shekaru, hotuna, takardun asibiti, katin shaidar ƙungiyar mahauta, duk a cuɗe, wasu ruwan Inugu ya sa sun yi funfuna, wasu kyankyasai sun ci gefensu. Na yi wata biyu ina shanya su a rana ina jerawa. Kowane reshe na dangi na yi masa ƙunshinsa, na ɗaure da zare mai launi daban: ja na gidan Baba, baƙi na ƙannensa, kore na dangin Gaya, fari na Inna. Wasiƙu na raba su gari-gari. Hotuna na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina kwatanta wa Baba fuska da tufafi, yana gaya mini suna, ina rubutawa a bayansu, sannan na naɗe su a farin ƙyalle. Na zuba kafur a kusurwoyin akwatin, na ɗora shi a kan bulo huɗu saboda gara. Da Baba ya ji yadda na yi, sai son abin ya motsa masa. Ya ce akwai gurabe da yawa a kundin, mu cike su tun masu sani suna da rai. Na riƙe masa hannu muka je Anaca wurin Gwaggo Laraba da ke sayar da abinci a Hed Birij, wato bakin gada, muka je Fatakwal wurin ƙaninsa, ina zaune gaban tsofaffi da littafin makaranta ina rubuta wane ya haifi wane. A mota yana gaya mini:

"Mahauci na ƙwarai ba ya sara ƙashi, Binta. Yana neman gaɓa ne, inda wannan ya haɗu da wancan. Dangi ma haka suke. In kin san gaɓa, kin san jiki."

Shi ne kuma ya ce ƙunshin farin zare ya yi siriri da yawa. Ya ce 'ya'yansa ba daga gefe ɗaya suka faɗo ba. Muka tafi ƙauyensu Inna tare da yayanta, Kawu Nweke, mai gyaran keke a unguwar Obiagu. Aka tara tsofaffi a ƙarƙashin bishiya, suka yi ta gardama a junansu, a ƙarshe suka daidaita a kan sunaye tara, uba bayan uba, daga mahaifin Inna zuwa wanda ya fara sare dajin wurin. Na gwada rubuta su da ajami suka ƙi zama, sai na ɗauko warƙar da Baba ya rubuta aurensa da Inna shekara kusan talatin da suka wuce, na juya bayanta na jera sunayen da boko. Warƙa ɗaya, fuska biyu. Da muka dawo na karanta wa Inna su, ta sa na maimaita har sau uku.

Ba a yi shekara da wannan tafiya ba ƙasa ta rikice. Ba sai na ba ku tarihin da kuka karanta a makaranta ba, ni dai abin da idona ya gani zan faɗa. Jiragen ƙasa suka fara shigowa Inugu daga arewa cike da 'yan Ibo, wasu da ɗaurin kai jina-jina, wasu mata ba 'ya'yansu, wasu ba su iya magana ba. Na je tasha da idona na gani, na dawo na kasa cin abinci. Daga ranar garin da aka haife ni ya canja fuska. Matar da muke ɗiban ruwa tare a famfo tun muna yara ta daina amsa gaisuwata. Mahauta suka daina fita kwata. Yaran arewa masu dako da turin kura, waɗanda ba su da gida sai rumfar kasuwa, suka taru a masallacinmu suna wuni suna kwana a ciki saboda tsoron fita. Sai aka faɗa a rediyo cewa duk wanda ba ɗan yankin ba ne ya koma garinsu, hukuma ba za ta iya tsare ransa ba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce:

"Garinmu? To ni ina ne garinmu? Gaya sau biyu na taɓa taka ta."

Washegari Garba ya shigo da labari biyu, kowanne ya fi ɗan'uwansa muni. Na farko, samari sun shiga shagon wani tela Bahaushe a Obiagu, sun sami takardu da rubutun ajami, sun ce jerin sunayen waɗanda za a kashe ne. Awon riguna ne kawai na mutane, amma sun yi masa dukan da sai a kan ƙofa aka ɗauke shi. Na biyu, waɗanda suka san hanya sun ce da zarar jirgi ya haye kogin Binuwai, akwai tashoshin da ake shiga tarago-tarago ana neman 'yan Ibo, wanda aka samu a sauke shi. Ya kuma ce an ba mu wuri a jirgin jibi, kowa ƙunshi ɗaya, abin da zai iya ɗorawa a cinyarsa. Ya nuna ɗakin Baba da hannu.

"Akwatin can shi zai kashe mu. A nan ajamin cikinsa zai kashe mu, a can kuma bokon cikinsa zai kashe Inna. A ƙone shi duka yau."

"Ka fara ƙone ni tukuna," in ji Baba.

"Baba, takarda ce fa."

"Ubana ne a ciki. 'Yan'uwanka huɗu da na binne a garin nan suna ciki. In mun tafi, wa ya san an yi su?"

Ana cikin haka Kawu Nweke ya yi sallama. Ya biyo ta bayan layi, gumi ya jiƙa masa riga. Ya gaida Baba da ladabi kamar kullum, sannan ya juya ga Inna da Ibo, ya ce mota na jiransa, ta ɗauko zaninta su tafi ƙauye, in ƙura ta lafa mijinta ya dawo ya ɗauke ta. Ya ce ya ga abin da jirage suka kawo, ba zai bar ƙanwarsa ta shiga bakin abin da mutane suka gudo daga gare shi ba. Baba yana jin Ibo sarai. Ya ce:

"Hajara, gaskiya ya faɗa. Ki bi shi, na yafe miki."

Inna tana tsugune tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce da Hausa, don kowa ya ji:

"Wa zai riƙa ja maka hannu? Garba da ba ya iya zama wuri ɗaya? Na bar gidanmu tun ban san komai ba. Inda 'ya'yana suka sa kai, nan zan sa."

Kawu ya yi ta magana har muryarsa ta dushe. Da ya ga ba ta motsa ba, ya tashi ya fita ba sallama.

Da hantsi muka jawo akwatin tsakar ɗaki, muka rufe ƙofa. Baba ya yarda da abu ɗaya, cewa kundin kakana kaɗai za a ɗauka, ya rataya gafakar a ƙarƙashin riga, duk wanda ya gani zai ɗauka Alƙur'anin makaho ne. Saura kuwa in karanta masa, ya yanke hukunci. Na kwance jan zare, na kwance baƙi, na kwance kore. Ina karantawa, yana cewa "wuta", Garba yana kwasa zuwa murhu. Wasiƙun Gaya tun na zamanin kakana, wuta. Littattafan makaranta uku da na cika a Anaca da Fatakwal, waɗanda ban gama kwafe su cikin kundi ba, su ne suka fi kama da jerin sunaye, wuta. Hotuna na zaɓi bakwai na cusa a cikin ɗankwalina. Aikin da ya ci mini shekara, kafin azahar ya zama toka, Inna tana ɗora tukunya a kai don kada maƙwabta su yi tambayar hayaƙi. Da na zo kan farin zare sai hannuna ya tsaya. A ciki akwai katin da 'yan mishan suka ba Inna tana jaririya da sunanta na fari, da hotonta tsakanin 'yan'uwanta, da wasiƙun Kawu. A cikin kundin kuma ga warƙar nan mai fuska biyu.

"Wannan ita ce ta farkon shiga wuta," in ji Garba.

"Ba za ta shiga ba," na ce. "Zan kai wa Kawu."

"Obiagu? Yau? Kin haukace?"

Baba ya ce a cire warƙar a ajiye gurbinta haka nan, in Allah ya dawo da mu a mayar. Ya ce gurbi ba ƙarya ba ne.

Na ɗaura zani biyu irin na matan Ibo, na murɗa ɗankwali irin nasu, na sa ƙunshin a ƙasan kwando na rufe da ganyen miya. Tsakanin Kol Kam da Obiagu ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Shagunan Hausawa duk a rufe, wasu an ɓalle ƙofofinsu. Na kusa isa sai na tarar an gindaya ganga da katako a hanya, samari sun fi goma da adduna da gorori. Babbansu yana sanye da hular ƙarfe ta masu haƙar kwal. Ya tare ni, ya tambaye ni da Turancin kasuwa abin da na ɗauko.

"Wetin you carry?"

Na amsa da Ibo cewa ganye ne zan kai wa kawuna. Ya sa bakin adda ya ɗaga ganyen, ya ciro ƙunshin, ya tsinke farin zaren. Abin da ya fara faɗowa ita ce warƙar, kuma ta fuskar ajami ta faɗo. Wani ya yi ihu, "Rubutun Awusa!" Nan take suka kewaye ni. Na ji sanyin ƙarfe a kafaɗata. Na ce ya juya bayanta. Ya juya, ya ƙura mata ido, na gane karatun bai zauna masa ba. Ya cilla mini.

"Karanta. In kin yi ƙarya za mu sani."

Na karanta da ƙarfi. Mgbafor 'yar Ani, Ani ɗan Ugwu, Ugwu ɗan Ede, har na kai na tara, na faɗi sunan ƙauyen. Wani dattijo kafinta da ke tsaye a ƙofar shagonsa yana kallo ya matso, ya tambaye ni ko Ani mai bishiyoyin manja a bakin rafi nake nufi. Na ce shi. Ya ce matarsa 'yar ƙauyen ce, ya san gidan, ya san sun ba wani mahauci 'ya. Ya ce da samarin su bar ni, jininsu ce. Mai hular ƙarfe ya janye addarsa a hankali, ya ce:

"Uwar taki tana ina?"

"Gobe za ta ƙauye," na ce.

Ita ce ƙaryata ta farko a ranar. Kawu na same shi yana ɗaure kayan aikinsa. Ya karɓi ƙunshin ya juya shi a hannu, ya ce, "Ta ƙi biyo ni, ta aiko mini da takarda." Duk da haka ya zazzage kusoshi daga wani gwangwanin biskit, ya sa takardun, ya danne murfin. Ya ce in an gama haukan nan mu zo mu karɓa. Ya raka ni ta wata hanyar bayan gidaje har kusa da layinmu.

A hanyar dawowa ne tunanin ya zo mini. Na ga da idona cewa takarda ta tsaya tsakanina da adda. Na ce a raina, idan a can aka tare Inna, me zai tsaya mata? Gurbi ba ya magana. Duk wanda ya buɗe kundin zai ga kowace matar gidan da asalinta, ban da ita, kuma da ta buɗe baki ta ce kasa, an gama. Da la'asar Baba yana masallaci, na ɗauko ɗaya daga tsofaffin warƙoƙin da kakana ya bari ba rubutu a ƙarshen kundin, na dama tawada, na kwaikwayi hannun Baba, wanda na fi kowa sani. Na rubuta cewa Ɗanladi ɗan Tanko ya auri Hajara 'yar Malam Audu mai gishiri, mutumin Wukari. Na zaɓi Wukari ne domin na san mutanen can da yawa Hausa ba ita ce harshensu na fari ba, ba wanda zai yi mamakin karyewar harshenta. Na kara warƙar a hayaƙin murhu har tawadar ta dushe, na sa ta a gurbin. Inna tana gefe tana kallona. Ba ta karatu, amma ta san ba alheri nake yi a ɓoye ba. Na ce:

"Inna, in an tambaye ki, sunan babanki Audu. Gishiri yake sayarwa a Wukari."

"Sunan babana Ani."

"Daga jibi Audu ne."

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Sannan ta ce, "Audu. Mai gishiri. Wukari." Ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Garba na gaya masa, ya ce na yi daidai. Baba kuwa ban gaya masa ba, don na san amsarsa.

'Yan sanda suka raka mu tasha a cikin manyan motoci, mutane a gefen hanya suna kallo, wasu na jifa, wasu na kuka. Taragon ya cika har ba wurin miƙe ƙafa. Muka kwana a hanya, gari ya waye mun haye Binuwai. Mutane suka fara hamdala, wasu har da dariya, mu kuwa a nan tsoronmu ya fara. Da hantsi jirgin ya tsaya a wata ƙaramar tasha, ya daɗe bai tashi ba. Sai ga mutane sun shigo ta ƙofa biyu da sanduna, biyu daga cikinsu da kaki. Suna bin fuska ɗaya bayan ɗaya, suna sa mutum ya yi magana. Inna ta ja mayafi ta riƙe carbi. Wani dogo mai tsage a kumatu ya tsaya a kanta.

"Iya, daga ina?"

"Daga Inugu, ɗana."

"Me kike yi a can?"

"Aure ya kai ni. Yanzu ga shi kasa ta rikice, mun taso."

Na ji kalmar ta fita kamar an saki kwano a kan dutse. Ya karkata kai.

"Me ta rikice? Sake faɗa."

Inna ta ƙara jan mayafi. Ya ce ta karanta Fatiha, ta karanta ba tuntuɓe. Ya ce wannan ko aku aka koya wa zai yi, ya kira abokinsa ya ce ga Inyamura a cikin mayafi, ta tashi. Garba ya miƙe, aka danna masa sanda a ƙirji. Ban san lokacin da na cusa hannu a rigar Baba na fizgo gafakar ba. Na ce mutuniyar Wukari ce, ga kundin gidanmu tun na kakanmu, a duba. Dogon bai iya ajami ba. Ya waiwaya ya ga wani malami tsoho da ya taso daga Fatakwal, ya ce ya karanta. Malamin ya buɗe a natse, ya karanta haihuwar Baba, ya karanta rasuwar kakana, na nuna masa warƙar, ya ɗaga murya:

"Ɗanladi ɗan Tanko ya auri Hajara 'yar Malam Audu mai gishiri, mutumin Wukari."

Ina riƙe da hannun Baba, na ji ya sandare. A lokacin ya fara jin abin da na yi, a bakin baƙo, a gaban tarago guda. Dogon ya sunkuya kansa.

"Malam, kai ne mijin? Tsakaninka da Allah, haka ne?"

Ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba, ko a cinikin nama. Leɓensa ya motsa sau biyu ba sauti. Inna ta rufe ido. Sannan ya ce:

"Haka aka rubuta."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Haka ne," in ji Baba.

Suka wuce gaba. Daga taragon bayanmu an sauke mutum biyu, na ga ƙeyarsu ta taga, ban san abin da ya same su ba. Da jirgin ya tashi malamin ya mayar da warƙoƙin cikin fata, ya shafa tawadar da babban yatsa, ya dubi yatsan, ya dube ni, ya miƙo mini. Baba ya karɓe gafakar daga hannuna ya mayar ƙarƙashin riga. Har muka isa Kano bai yi mini magana ba.

Muka sauka a Fagge wurin wani ɗan'uwan kakana. Tun ranar farko aka san Inna da mutuniyar Wukari, domin mutanen taragon nan unguwa ɗaya muka zube, kuma yaƙi ya ɓarke ba da daɗewa ba, ba lokacin gyara magana ba ne. Baba bai taɓa yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai daina ba ni kundin. Da matar Garba ta haihu, wani malamin unguwa ya kira ya shigar da sunan jaririn, ina zaune a tsakar gida ina ji. Sau ɗaya na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce:

"Kin tsamo uwarki, Allah ya yi miki albarka. Amma a da, duk wanda na buɗe wa kundin nan ina iya dafa shi in rantse. Yanzu ba na iyawa."

Ya rasu kafin yaƙin ya ƙare. Kundin ya dawo hannuna ne ta hanyar gado.

Da aka buɗe hanya, ni da Garba muka koma Inugu. Gidanmu na Kol Kam wasu ne a ciki. Shagon Kawu a Obiagu ba rufi. Muka bi mota zuwa ƙauyen, muka tarar da rabin gidajen kufai. Kawu ya rasu a gudun hijira, tsofaffin nan da suka yi gardama a ƙarƙashin bishiya ba ko ɗaya da ya rage. 'Yarsa ta gane ni, ta rungume ni muka yi kuka. Ta ce babanta ya zo da gwangwanin, da za su gudu daji ya binne shi a bayan ɗaki. Muka haƙa wurin da ta nuna. Tsatsa ta huda shi, ruwa ya shiga, gara ta gama da saura. Abin da na kwaso bai fi cikin tafin hannu ba, baƙi, yana marmashewa. Na tambayi duk wanda na gani ko ya san kakannin Ani. Matasa ne suka rage, kowa ya kai biyu ko uku sai ya tsaya.

Da muka dawo Kano na sami Inna ita kaɗai a ɗaki. Na rufe ƙofa na gaya mata komai da Ibo, harshen da ba ta sake furtawa a tsakar gida ba tun ranar jirgin. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba, saboda maƙwabta. Na ce zan cire warƙar ƙaryar in rubuta gaskiya. Ta ce in bari sai bayan ranta, ta gaji da zama baƙuwa, ba za ta sake farawa ba. Ta ƙara shekara ashirin a duniya. Bayan ta rasu kuma ni ce na kasa, kunyarku ta hana ni, laifin wannan jinkiri nawa ne ni kaɗai.

A ranar dai, bayan ta share fuska, ta ce, "Ada, karanto mini su."

Na ce ai takardar ta tafi. Ta ce in karanto da ka. Na fara: Ani, Ugwu, Ede, Nnaji. Na tsaya. Sau ɗaya na rubuta su, na dogara ga takarda, ban haddace ba. Ta ce, "Ogbu." Na ce Ogbu. Muka zauna muna kallon juna.

"Na shida fa?" in ji ta.

"Ban sani ba, Inna."

"Ni ma ya tafi."

Waɗannan biyar ɗin su ne kakanninku, ku rubuta su a inda ruwa ba ya kaiwa, ku kuma koya wa yara su da baki. Huɗun da suka rage, Allah ya san sunayensu.